Wasan kwaikwayon mugun zamani: yadda ɗalibai ke haɗa shi kan matan Latin Amurka

Wane irin wasa ne wannan?

Wasa ne da ake kai labarinsa wani zamani mai zuwa wanda al'amura suka dagule: hukuma ta zama azzaluma, ana sa wa kowa ido, mace ba ta da ta cewa ko a kan jikinta. Taurarinsa mata ne 'yan asalin Meksiko, Puerto Rico, Guatemala da makamantansu mazauna Amurka, al'ummar da a jami'o'i ake kira Latinx. Malami ba ya zuwa aji da rubutaccen wasa. Shi da ɗalibai ne ke gina shi tun daga tushe.

Me ya sa ake kai labarin gaba?

Domin a ɗauki abin da ya riga ya faru a nuna inda zai kai mu idan aka yi shiru. A 1978 wata kotu a Los Angeles ta yanke hukunci a ƙarar da mata goma 'yan asalin Meksiko suka shigar, cewa an juya musu mahaifa a babban asibitin gunduma ba da cikakken saninsu ba. Wasu suna tsakiyar naƙuda aka miƙa musu takardar Turanci su sa hannu, alhali Sifaniyanci suke ji. Alƙali ya ba likitoci gaskiya. A Puerto Rico, binciken 1965 ya nuna kusan kashi ɗaya bisa uku na iyaye mata masu shekara 20 zuwa 49 an yi musu wannan aiki. Tun 1993 ake tsintar gawarwakin 'yan mata a birnin Ciudad Juárez na Meksiko, a 2018 kuma aka raba dubban yara da iyayensu a iyakar Amurka da Meksiko. Ɗalibar da ta taso da waɗannan labarai a gida ba ta buƙatar ƙirƙiro abin tsoro. A ganina ƙarfin wasan duk daga nan yake.

To yaya mutum ashirin za su rubuta wasa ɗaya?

Ba a farawa da biro. Kowa zai je ya zauna da mahaifiyarsa ko kakarsa ya ji labarin ƙaura, aikin gona, aikatau ko asibiti. A aji sai a ce mutum huɗu su nuna labarin da jiki kawai, ba magana: ɗaya a kwance, ɗaya tsaye a kanta da takarda, ɗaya ta juya baya, ɗaya ta miƙa hannu daga nesa. Su tsaya cak. Malami ya tambayi sauran, wa ke da iko a nan? Daga amsoshin ake fara saka magana a baki, wani na gefe yana rubuta duk abin da ya yi armashi. Fitowar da ba ta tsaya da ƙafarta ba a gwaji, a jefar. Harshe kuwa a bar shi yadda yake a gida, Sifaniyanci da Turanci a cakuɗe.

Sabon salo ne?

A'a. Luis Valdez ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta El Teatro Campesino a 1965 lokacin yajin aikin masu tsinkar inabi a Delano ta Kalifoniya, lebura ne ke wasa a bayan babbar mota. Enrique Buenaventura ya raya haɗa wasa a ƙungiyance a Cali ta Kolombiya, Augusto Boal na Brazil kuma ya fito da dabarar nuni da jiki. Ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun san hanyar, don tun shekarun 1970 suke shiga ƙauyukan Zariya suna haɗa wasa da manoma.

Ina wahalar take?

Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma sai an sami mai yanke magana, in ba haka ba masu baki su danne masu kunya, wanda kuma shi ne zaluncin da wasan ke yaƙa. Mafi nauyi shi ne amana. Wata ɗalibar mahaifiyarta ba ta da takardun zama a Amurka, kuma labarinta ne zai hau dandamali gaban ɗaruruwan mutane. Dole a nemi izinin mai labarin, a sauya suna da gari, a kuma ba ɗalibar damar janye labarin ko da daren da za a buɗe wasan ne.