Waiwaye: farautar lambar da ba ta rabuwa

A watan Oktoban 2024, lokacin da hankalin Hausawan Sudan yake kan yaƙi da kuma tsadar dawa, wani Ba'amurke mai suna Luke Durant ya gano lambar da ta zarce duk 'yan'uwanta da aka sani girma, cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da 1. Alƙalumanta 41,024,320 ne. Idan aka jera 2 sau 136,279,841 aka ninka su, aka cire 1, ita ke nan.

Farautar ta daɗe. Wajen shekara 300 kafin miladiyya Iƙlidis, masanin lissafi na Girkawa, ya tabbatar a Iskandariyya cewa irin waɗannan lambobi ba su da ƙarshe. Daga baya Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna Alƙahira, ya kawo wata alama: a ninka duk lambobin da ke ƙasa da lambar, a ƙara 1, idan ta raba abin da ya fito ba ragowa, to ba ta rabuwa. A gwada da 7: za a sami 721, wato 7 sau 103. Turawa suna jingina wannan ƙa'ida ga Wilson, wani Bature ɗan Ingila wanda ya zo bayansa da shekara ɗari bakwai da wani abu, kuma ina ganin ya kamata malamanmu na Gadarif da Mai Wurno su riƙa gaya wa yara sunan na farkon.

Sai dai alamar ba ta da amfani ga lamba mai tsawo, aikin ya yi yawa. Shi ya sa aka koma kan dangin lambobin da ake samu in an jera 2 an ninka an cire 1, masu sunan Mersenne, limamin kirista Bafaranshe da ya fitar da jerinsa a 1644. Ba kowace ke cin jarrabawa ba: a jera 2 sau 11 a ninka su a cire 1, za a sami 2047, ita kuwa 23 ce sau 89. Mersenne kansa ya yi kuskure, ya sa waɗanda ake samu in an jera 2 sau 67 da sau 257 cikin jerin, alhali suna rabuwa. Abin da ya ɗaga wannan dangi shi ne gwaji mai sauƙi da masanin lissafi Lucas ya soma, wani masanin mai suna Lehmer ya kammala a 1930. Da hannu Lucas ya tabbatar da mai alƙaluma 39 a 1876. Kwamfuta ta karɓi aikin a 1952, sannan daga 1996 'yan sa-kai na shirin GIMPS suka haɗa na'urorinsu ta intanet. Ta Durant ita ce ta 52 da aka gano a dangin.

Saboda haka ba yawa ne ya sa 'yan Mersenne suke riƙe da kambu ba. Tsakaninsu akwai lambobi marasa rabuwa bila adadin da ba wanda ya taɓa dubawa, don ba su da gwaji mai arha.

Waɗanda ke mana aiki kullum ƙanana ne a kansu. Tsarin ɓoye saƙo na RSA na 1977 yana ninka guda biyu masu ɗaruruwan alƙaluma, warware su kuwa ya gagari kwamfutocin yau. Irin wannan lissafi ne ke tsare saƙon kuɗi a waya, kamar na Bankak, tsarin Bankin Khartoum na waya, da mutanenmu suka dogara da shi tun da takardar kuɗi ta yi wuya.