Jeri da Zaɓi a Ƙidayar Alƙaluma

Jeri da zaɓi hanyoyi biyu ne na lissafi da ake bi don sanin lambobi nawa za a iya haɗawa daga alƙaluma goma, wato 0 zuwa 9, ba tare da an rubuta su ɗaya bayan ɗaya ba. A jeri, matsayin kowane alƙalami yana da tasiri: 472 daban, 274 daban. A zaɓi kuwa, waɗanda aka ɗauko kawai ake dubawa, ba ruwan mai lissafi da wanda ya zo gaba. Darasin yana cikin manhajar lissafi ta JAMB, kuma yawancin kuskuren ɗalibai ba a ninkawa yake ba. Saurin ɗauko ƙa'ida ne kafin a tambayi abu biyu: shin matsayi yana da tasiri, kuma an yarda a maimaita alƙalami?

Mafi sauƙi shi ne inda aka yarda da maimaici. Lambar sirri ta katin banki gurbi huɗu gare ta, kowane gurbi yana karɓar kowanne daga alƙaluma goma, saboda haka 10 × 10 × 10 × 10 = 10,000, daga 0000 zuwa 9999. Makullin akwatin tafiya mai gurbi uku lambobi 1,000 gare shi kacal, shi ya sa mai haƙuri kan iya buɗe shi da gwaji.

Idan aka hana maimaici, kowane gurbi yana rage wa na bayansa ɗaya: 10 × 9 × 8 × 7 = 5,040. Ke nan sauran 4,960, kusan rabin lambobin sirri, suna da alƙalamin da ya fito aƙalla sau biyu. Jera duka goman kuwa yana ba da 10 × 9 × 8 har zuwa 1, wato 3,628,800. Wannan ninkin mai gangarowa shi ake kira faktoriyal, ana rubuta shi 10!, alamar da Bafaranshe Christian Kramp ya shigo da ita a 1808.

Sifili ne ke yawan sa mutane tuntuɓe. A lambar sirri 0472 daidai take, amma a ƙidaya ba lamba mai alƙaluma huɗu ba ce, 472 ce. To sai a fara da gurbin da ke da sharaɗi: na farko yana da 9 tunda an cire sifili, na biyu ma 9 domin sifili ya dawo, sai 8, sai 7, jimilla 4,536. Haka kuma in alƙaluman da aka bayar suna da tagwaye. Daga 1, 1, 2, 3 ba jeri 24 (4 × 3 × 2 × 1) ake samu ba, 12 ne, domin musanya 1 da ɗan'uwansa ba ya sauya komai, dole a raba da 2.

Zaɓi daga jeri yake fitowa. Alƙaluma 2, 4, 7, 9 ana iya jera su ta hanya 24, amma dai su ne. Don haka ɗaukar huɗu daga goma shi ne 5,040 ÷ 24 = 210. Wanda ya hango alƙaluma huɗu mabambanta na lambar sirrin wani, ko da bai ga yadda aka jera su ba, ya sauko da aikinsa daga 10,000 zuwa 24. Abin da ya rage wa mai katin shi ne na'urar cirar kuɗi da ke toshe kati bayan 'yan kurakurai.

Ilimin ya daɗe. A Basara, a ƙarni na 8, Khalil ibn Ahmad al-Farahidi ya ƙidaya yadda baƙaƙen Larabci za su iya jeruwa lokacin da yake tsara ƙamusunsa Kitab al-Ayn. A Indiya, wajen 1150, Bhaskara na Biyu ya ware babi guda a littafinsa Lilavati kan jera alƙaluma, har ya tambayi lambobi nawa za a samu daga 3, 9 da 8, da kuma jimillarsu. Lambobi shida ne, kuma ba sai an tara su ɗaya bayan ɗaya ba: kowane alƙalami yana zama sau biyu a kowane gurbi, kuma 3 + 9 + 8 = 20, darajar gurabun uku kuwa 100 + 10 + 1 = 111, saboda haka 20 × 2 × 111 = 4,440. Jadawalin adadin zaɓi mai siffar dala, wanda ake danganta wa Blaise Pascal saboda rubutunsa da aka buga a 1665, al-Karaji a Bagadaza da Yang Hui a Sin sun riga shi sani da ɗaruruwan shekaru.