Ƙarin ƙwaƙwalwar da wuƙar likita ba ta iya cirewa

An daɗe ana ɗauka cewa duk ƙarin da ya fito a ƙwaƙwalwa, muddin akwai kuɗi a ka kai mara lafiya Indiya ko Masar, fiɗa za a yi a cire shi. Iyaye kan sayar da gona saboda wannan zato, abin kuma yana ci mini rai.

Akwai wata kansa da likitoci ke kira DIPG, wadda ta fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 10. Tana tsirowa a gindin ƙwaƙwalwa, kusa da mahaɗarta da lakar baya, wurin da ke kula da numfashi, haɗiya da motsin ido. Ba dunƙule take ba balle a yanko ta. Ratsa lafiyayyun jijiyoyi take yi kamar yadda manja ke shiga zaren tufa, duk wanda ya ce sai ya kankare ta, numfashin yaron zai taɓa. Ko a Amurka ba a cire ta. Ita ta yi ajalin 'yar Neil Armstrong, mutumin da ya fara taka duniyar wata, a 1962.

Alamunta kan zo cikin makonni: ido ya karkace, gefen fuska ya saki, yaro ya riƙa tangaɗi. Hoton MRI, na'urar da ke hango cikin ƙwaƙwalwa, ne ke nuna ta. Gasa ƙarin da hasken na'ura (radiotherapy) na kusan mako 6 yana kawo sauƙi na 'yan watanni, amma yawancin yaran ba sa kai shekara bayan an gano cutar.

Sai dai ba kowane ƙari na wannan wuri ne DIPG ba. Wasu a dunƙule suke, masu tafiyar hawainiya, waɗannan kam fiɗa na yi musu amfani. Shi ya sa ya kamata ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ya karanta hoton kafin a nemi biza.