Idan aka kori shugaban sandika daga aikin gwamnati, me doka ta ce?

Ranar da aka zaɓi wani abokina sakataren reshen sandikarsu, wato ƙungiyar ƙwadago ta malaman makaranta, a nan Damagaram, mahaifiyarsa ba ta yi masa barka ba. Ina zaune a zaurensu a Birni ina jin su. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Kai dai ka rufa mana asiri, ɗan nan. Mai baki ake fara kora." Ya ce, "Inna, ai doka ta hana." Ta ce, "Wace dokar?" Sai ya yi shiru. Ya san akwai ta, amma bai san sunanta ba, bai kuma san iyakarta ba.

Tsoron tsohuwar yana da tushe. A garin nan albashin ma'aikaci ɗaya baki goma ke jiransa, kuma kowa ya ji abin da ya faru a Yamai a watan Agusta na 2025, lokacin da Ministan Cikin Gida ya rusa sandikokin ɓangaren shari'a, ciki har da SAMAN ta alƙalai. Da babban sakataren SAMAN ya fito ya soki matakin, aka cire shi daga aikin alƙalanci, kashegari aka bi da mataimakinsa. Gwamnati ta ce sandikokin sun kauce hanya, suna kawo cikas ga aikin shari'a. Lauyoyi kuwa suka ajiye aiki don nuna rashin amincewa. Daga fadar shayi zuwa bakin kasuwar Dole, tambayar ɗaya ce: ashe ana iya yin haka?

Amsar ta fara ne daga Janiba, inda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya take, wadda ma'aikatanmu suka fi sani da OIT. Nijar ta amince da yarjejeniyarta mai lamba 87 tun 1961, da mai lamba 98 a 1962. Ta farkon, wadda aka rubuta a 1948, ta ce ma'aikata "ba tare da wani bambanci ba" suna da ƴancin kafa ƙungiya da shiga wadda suke so ba sai sun nemi izini ba. Wannan lafazin ya haɗa da ma'aikacin gwamnati. Soja da ɗan sanda kaɗai aka bar wa kowace ƙasa ta yanke nasu da dokarta. Sashe na 3 ya ce ƴan ƙungiya ne ke zaɓen shugabanninsu, hukuma ta cire hannunta. Sashe na 4 kuma gajere ne ƙwarai: ba a rusa sandika ko dakatar da ita da takardar minista ko ta gwamna. Idan har za a rusa, aikin kotu ne, bayan an saurari kowane ɓangare.

Maganar kora tana cikin mai lamba 98. Sashenta na farko ya hana a kori mutum, ko a cutar da shi ta kowace hanya, don yana cikin sandika ko yana yi mata aiki. A nan ne mutane ke yin kuskure iri biyu. Wasu na ɗauka kujerar sakatare laya ce, wanda ya hau ta babu mai taɓa shi. Ba haka ba ne. Sakataren da ya ci kuɗin jarrabawar ɗalibai, ko ya yi wata uku bai leƙa aji ba babu hujja, za a hukunta shi kamar kowa, kuma Janiba ba za ta ce uffan ba. Wasu kuma na ɗauka tunda gwamnati ce ta ɗauke ka, ita ke da wuƙa ita ke da nama. Shi ma ba haka ba ne. Abin da doka ke bincika shi ne dalili. An kore shi don laifin da ya yi a wurin aiki, ko don ya karanta sanarwar yajin aiki a rediyo?

Wahalar ita ce ba a taɓa rubuta dalilin gaskiya a takarda. Babu shugaban da zai sa hannu a kan "mun kore shi don sandika". Abin da za ka gani shi ne rashin biyayya, ko barin wurin aiki, ko zubar da mutuncin hukuma, wato abin da ake kira wajibin kame baki na ma'aikacin gwamnati. Wajibin nan gaskiya ne, akwai shi. Amma wanda aka zaɓa don ya yi magana a madadin wasu, ba a auna bakinsa da mudun da ake auna na sauran ma'aikata, in ba haka ba me aka zaɓe shi ya yi? Kwamitin OIT mai kula da ƴancin ƙungiya ya sha nanata cewa shugaban sandika yana da damar sukar manufofin gwamnati da suka shafi rayuwar ma'aikata, muddin bai koma zagi ba. Shi ya sa masu bincike ke duban lokaci. Mutum ya yi shekara goma sha biyar dosiyensa fes, mako biyu bayan taron manema labarai sai ga takardar neman bayani ta farko. Biri ya yi kama da mutum.

Kuma ba kora kaɗai ake nufi da cutarwa ba. A ganina ma korar ba ita ce ta fi yawa ba, don tana da ƙara. Abin da ya fi yawa shi ne afektasiyon, wato canjin wurin aiki. A ɗauka sakataren reshe yana koyarwa a Zango, ana tsakiyar shekarar karatu sai a tura shi wani ƙauye da mota ke zuwa ranar kasuwa kaɗai, a rubuta "bukatar aiki". Ba a taɓa albashinsa ba, amma reshen ya mutu. Canjin wuri irin wannan, da hana ƙarin girma, da tilasta ritaya, duk suna cikin abin da aka hana idan sandika ce sanadi.

Akwai wata ƙofa da gwamnatoci ke son bi. Sashe na 6 na yarjejeniya ta 98 ya ce ba ta shafi ma'aikatan da ke tafiyar da mulkin ƙasa ba. Masu sa ido na OIT sun ƙuntata ma'anar wannan, suka ce ma'aikatan ofisoshin ministoci da makamantansu ake nufi, ba malamin firamare ko ungozomar asibiti ba. Ko su waɗanda aka keɓe ɗin, yarjejeniya ta 87 tana nan a kansu.

Mu dawo gida. Ma'aikacin kamfani yana ƙarƙashin Dokar Ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012, kuma a can wakilin ma'aikata yana da katanga mai kyau: ba a sallamarsa sai sufeton ƙwadago ya ba da izini. Fonksiyone, wato ma'aikacin gwamnati, ba ya cikin wannan dokar, don haka ofishin sufeto ba wurin kai kukansa ba ne, ko da yake da yawa can suke fara nufa su ɓata kwanaki. Tasa dokar ita ce ta ma'aikatan gwamnati ta 23 ga Yuli 2007, wadda ta amince masa da ƴancin sandika da na yajin aiki. Katangarsa tsarin ladabtarwa ce. Kafin hukunci mai nauyi irin kora, sai an sanar da shi laifin da ake tuhumarsa, an ba shi dama ya ga dosiyensa ya kare kansa, an kuma kai maganar gaban majalisar ladabtarwa. Alƙalai suna da tasu dokar daban. Yajin aikin ma yana da ƙa'ida, dokokin 21 ga Maris 1996 sun tanadi sanarwa tun da wuri da kuma aikin da ba a tsayarwa gaba ɗaya. Shugaban da ya tsallake waɗannan ya miƙa wa mai son korarsa sanda da hannunsa. Malaman kwantiragi kuwa su ne a bakin rijiya, don su ba sai an yi doguwar hanya ba, soke kwantiragi ya isa.

Wanda abin ya faɗa wa, matakin farko ya rubuta wa hukumar da ta yanke hukuncin ko ta samanta ya nemi a janye. In ba a yi ba, ya kai ƙara gaban alƙalin da ke duba matakan hukuma ya nemi a soke. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka jingine tsarin mulkin 2010, Kotun Ƙasa da ke Yamai ce ta gaji aikin babbar kotun da ke wannan shari'ar a da. Wa'adin ƙarar gajere ne, wanda ya tsaya jiran manya su sa baki zai iya farkawa ya tarar an rufe ƙofa. Ya ga lauya a makon farko. Ya kuma adana komai: takardar zaɓensa, sanarwar yajin aiki mai ɗauke da tambarin karɓa, takardun yabo na baya, da sunayen waɗanda suka yi abin da ya yi ba a taɓa su ba.

Hanya ta biyu ita ce kwamitin nan na Janiba, wanda aka kafa a 1951. Mutum ɗaya ba ya kai ƙara can, sai ƙungiya, kamar manyan tarayyar sandikokin Nijar, USTN ko CDTN, ko wata ta ƙasa da ƙasa. Kwamitin ba kotu ba ne, ba shi da jandarma, kuma yana da nawa. Abin da yakan nema shi ne a mayar da mutum bakin aikinsa a biya shi albashin da ya rasa, in hakan ya gagara a ba shi diyya mai tsoka.

Wani abu da abokina bai sani ba sai da muka zauna a kansa: korar mutum daga aiki ba ita ce ta sauke shi daga kujerar sandika ba. Aikin na gwamnati ne, kujerar ta waɗanda suka zaɓe shi ce. Da ya koma ya yi wa Inna wannan bayanin, ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye shi ko kujerar tana biyan kuɗin gero. Ya ce a'a. Ta ce to ya kawo takardun nan da ake cewa a adana, ta sa masa a ƙasan adakarta.