Digirin Farko a Turanci da Ƙagaggen Rubutu

Digirin farko a Turanci da ƙagaggen rubutu karatun jami'a ne da ya tattara abubuwa uku: nazarin harshen Ingilishi, nazarin adabin da aka rubuta da shi, da koyon tsara labari, waƙa da wasan kwaikwayo. A Najeriya shekara 4 ake yi ana karatunsa a tsangayar fasaha, a fita da shaidar B.A. A Ingila da Amurka akwai jami'o'i da yawa da ke ba da digiri mai ɗauke da sunan fannonin biyu. A Jihar Kaduna kuwa, kamar galibin jami'o'in Najeriya, ƙagaggen rubutu kwas ne a cikin digirin Turanci, ba digiri mai zaman kansa ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin ɗalibai da dama kan shiga da zaton za su kwana su tashi suna rubuta labarai, sai su tarar yawancin lokacin na nahawu ne da tarke, wato sharhin adabi.

Asali

Koyar da ƙagaggen rubutu a jami'a ya kafu ne a Amurka. Jami'ar Iowa ta buɗe shirinta na horar da marubuta a 1936, kuma daga can tsarin zaman bita ya bazu, inda ɗalibi ke kawo aikinsa 'yan ajinsu su tattauna a kai. A Ingila, Malcolm Bradbury da Angus Wilson suka kafa digiri na biyu a fannin a Jami'ar East Anglia a 1970. Kazuo Ishiguro, wanda ya samu kyautar Nobel a 2017, ɗalibin shirin ne.

A Najeriya karatun Turanci a matakin jami'a ya fara da Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, inda Chinua Achebe da Wole Soyinka da J. P. Clark suka yi karatu. A wancan zamani adabin Ingila kusan shi kaɗai ake karantarwa. Ɗaliban da ke son rubutu a mujallun makaranta suke gwada hannunsu, ba a aji ba.

Arewa tana da nata tarihin, kuma a Zariya ya faro, da Hausa. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da littattafai biyar, ciki har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. East ya zauna da Imam suna aiki tare a kan rubutu, ana gyarawa ana sake tsarawa, har aka samu Magana Jari Ce. Idan aka dubi yadda aikin ya gudana, horon marubuci ne sosai, ko da ba a kira shi da wannan suna ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta biyo baya a 1939, sai Kamfanin Gaskiya a 1945. Ke nan lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Zariya ta riga ta yi kusan shekara 30 tana cibiyar rubutu da ɗab'i.

Inda ake karatun da hanyar shiga

Manyan wurare biyu ne a Jihar Kaduna: Sashen Turanci da Nazarin Adabi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, da Sashen Turanci da Wasan Kwaikwayo na Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004. Ma'aikata da matan aure da ba su da sararin zuwa lakca kullum kan bi ta jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda ke da cibiya a cikin garin Kaduna.

Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da adabin Turanci, sannan a zauna jarrabawar JAMB da darasin adabi a cikin darussa huɗun. A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, domin wanda makarantarsa ba ta da malamin adabi, ko wanda aka tura ajin kimiyya ba da son ransa ba, sai a ƙarshe yake gane cewa ƙofar ta rufe masa tun daga aji huɗu na sakandare. Masu shaidar NCE ko IJMB, jarrabawar da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, suna shiga kai tsaye aji biyu su yi shekara 3. Wannan lissafin takarda ne. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye.

Abin da ake karantawa

Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke shimfiɗa manhaja. Sabon tsarin da ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya riƙe kashi 70 cikin 100 na darussa a matsayin na bai ɗaya, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Wannan kashi 30 dama ce da ya kamata jami'o'in Kaduna su cika da fassara da ƙarin kwasa-kwasan rubutu.

Ɓangaren harshe ya ƙunshi tsarin sauti, ginin kalma, ginin jumla, ilimin ma'ana, nazarin salo, da yanayin Turanci a Najeriya. Tsarin sauti shi ne ya fi ba ɗalibi Bahaushe aiki, kuma dalilin a bayyane yake. Ingilishin da ake koyarwa yana da sautuka 44, baƙaƙe 24 da wasula 20, alhali Hausa wasula biyar take da su, kowanne da dogo da gajere, sai tagwan wasali. Hausa ba ta bambanta sautin "p" da "f" a matsayin masu sauya ma'ana, ba ta da sautin da ake rubutawa "th", kuma ba ta son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma, shi ya sa ake cusa wasali a tsakani, kamar yadda aka samu "burodi" da "sukurdireba". Ɗalibin da ya fahimci haka yakan daina jin kunyar lafazinsa, domin ya gane cewa ba rauni ba ne, tsarin wani harshe ne ke aiki a ƙarƙashin wani. Ita ma Hausar tana da abin da ke kayar da Bature: ɓ da ɗ da ƙ, da karin sauti.

Ɓangaren adabi yana farawa da rassa uku, zube da waƙa da wasan kwaikwayo, sannan ya bi zamunna: Chaucer, Shakespeare, marubutan ƙarni na 19, zuwa adabin Afirka, na baƙaƙen fatar Amurka da na yankin Karebiyan. Ana karanta adabin baka da mazhabobin tarke. A aji huɗu ɗalibi yana rubuta kundin kammala karatu ƙarƙashin malami mai duba shi. Maki 4.50 zuwa 5.00 shi ne daraja ta ɗaya.

Ajin ƙagaggen rubutu

Nan ne ake juya akalar. Ɗalibin da ya saba warware jigo da salon wani, yanzu shi za a warware. Ana koyon gina tauraro, zubi da tsarin labari, zaɓen muryar mai ba da labari, sarrafa zance tsakanin mutane, da siffantawa. A waƙa ana duba kari da amsa-amo da hoton zuci. A wasan kwaikwayo ana koyon yadda rikici ke tafiyar da fitowa bayan fitowa. Maki yana fitowa ne daga aikin da ɗalibi ya rubuta da kuma jarrabawa.

Tsarin bita na asali an gina shi a kan ƙaramin rukuni, mutum goma sha wani abu, kowa ya karanta aikin kowa kafin a zauna. Aji mai ɗalibai masu yawa ba ya ɗaukar wannan. Malami ɗaya ba zai iya bin labarin kowa layi-layi, ya mayar, a gyara, ya sake dubawa ba, alhali sake rubutun shi ne ainihin sana'ar. Haka kuma sa mutum ya ƙagi labari cikin awa biyu a ɗakin jarrabawa ba ya auna abin da ake son aunawa. Saboda haka ɗaliban da suka fi cin moriyar kwas ɗin su ne waɗanda ke haɗa ƙananan rukunai da kansu, suna musayar rubutu a ɗakin kwana ko ta WhatsApp.

Akwai wata matsala da ta keɓanta ga mai tunani da Hausa yana rubutu da Turanci. Idan tsohuwa a labarinsa ta ce "sannu da aiki", ko amarya ta ƙi ambaton sunan mijinta, ko uwa ta yi kara ga ɗan farinta, ta yaya zai kai wannan ga mai karatun da bai san kunya irin ta Bahaushe ba? Ya fassara, ya bar kalmar yadda take, ko ya bar yanayin ya bayyana kansa? Tsohuwar muhawara ce. An taɓo ta a taron marubuta na Makerere, a ƙasar Uganda, a 1962. Obi Wali ya rubuta a 1963 cewa adabin Afirka da harsunan Turai hanya ce marar ɓullewa, Achebe kuma ya tsaya a kan cewa ana iya lanƙwasa Turanci ya ɗauki kayan Afirka. A 1968 Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu a Nairobi suka nemi a rushe sashen Turanci a maye gurbinsa da na adabi da harsunan Afirka. Ɗalibi a Kaduna yana da wani abu da yawancin masu wannan muhawara ba su da shi: harshensa yana da rubutaccen adabi mai tsawon tarihi tun daga ajami, da dubban masu karatu da littattafan soyayya suka tara tun shekarun 1980. Zaɓin rubutu da Hausa a wurinsa zaɓi ne na gaske, mai kasuwa.

Shin dole ne marubuci ya yi wannan digiri?

Tarihin marubutan Arewa ya amsa ta fuska biyu. Zaynab Alkali, wadda littafinta The Stillborn ya fito a 1984, Turanci ta karanta a Kano. Helon Habila, wanda ya ci kyautar Caine a 2001, shi ma Turanci ya karanta a Jami'ar Jos. Amma Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000 a 2016, aikin jarida ya karanta, Elnathan John kuma, haifaffen Kaduna, lauya ne da ya fito daga Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da digirin ke bayarwa da tabbas shi ne shekara huɗu na karatu mai faɗi bisa tsari, da idon da ke gane inda rubutu ya yi rauni da dalilin raunin.

Wajen aji da bayan kammalawa

Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, wadda Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da reshe a Kaduna. An fara bikin littattafai da fasaha na Kaduna, KABAFEST, a 2017, sai bikin HIBAF na littattafai da fasahar Hausa da ya fara a Kaduna a 2021. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da ake yi tun 2016, ta buɗe wa mata fagen gajeren labari. Mai son gina labari a kan tarihi yana da Gidan Arewa da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, duka a cikin garin. A Samaru kuma, al'adar wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma da ta kafu tun shekarun 1970 ta sa ɗalibai fita ƙauyuka su tsara wasa da mutanen gari.

Bayan hidimar ƙasa ta shekara ɗaya, koyarwa ce ta fi ɗaukar masu wannan digiri, kuma wanda zai zauna a cikinta yakan ƙara da difloma a fannin ilimi. Sauran suna shiga jarida, gidajen rediyo da talabijin, tace rubutu, hulɗa da jama'a, aikin gwamnati da rubutun fim. Fassara tsakanin Hausa da Turanci ita ce fagen da ya fi neman hannu. A 2012 aka buga fassarar Turanci ta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wadda Aliyu Kamal, malamin Turanci a Jami'ar Bayero, ya yi, kuma wani kamfanin ɗab'i na Indiya ne ya fitar da ita. Littattafan Hausa da suka samu irin wannan fassara ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da tarin da ke jibge a shagunan masu sayar da littattafai na Kaduna da Zariya da Kano.