Ganyen afang ba daga dangin tsirrai masu fure yake ba

Duk wanda ya dubi ganyen afang, wanda ake miya da shi a kudancin Najeriya da Kamaru, zai rantse cewa tsironsa mai fure ne, domin ganyen yana da faɗi da jijiyoyi kamar raga. Masana ma sun daɗe a kan makamancin wannan zato, inda suka ɗauki Gnetum, wato jinsin afang, tare da wasu tsirrai biyu danginsa, Ephedra da Welwitschia ta hamadar Namib, a matsayin 'yan'uwa mafi kusa ga tsirrai masu fure, saboda kamannin bututun da ke kai ruwa a cikin itacensu. Sai dai kama da wane ba wane ba ne: binciken ƙwayoyin gado tun daga ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa sun fi kusanci da itatuwa masu ganye kamar allura.

Zuriyarsu kuwa tsohuwa ce, kuma a da ta fi haka yaɗuwa. A duwatsun Crato da ke arewa maso gabashin Brazil an tono burbushin 'yan'uwan Welwitschia mai kimanin shekara miliyan 110, alhali yau ba ta tsirowa sai a Namibiya da Angola.