Waiwaye: yadda aka kai ga zuba kuɗi a kan taswira guda

Gardamar ta cika fadojin samari daga Birni har Zango: sayen kaso a kan wa zai ci taswira ta biyu a Counter-Strike, wasan harbe-harbe na kwamfuta, caca ce ko kasuwanci? Ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa mai tsagaggen gilashi, shayi na tafasa a gefenmu, ya ce: "Kawu, duba, farashi ne ke hawa yana sauka, kamar na gero a kasuwar Dole."

Ga yadda abin yake. Mutum biyar-biyar ke karawa, galibi a kan taswira uku, wato filayen fafatawa irin su Mirage da Inferno. Wanda ya ci biyu ya ci wasa. A kasuwar hasashe, wato inda ake zuba kuɗi a kan abin da ake ganin zai faru, kana sayen kaso a ƙasa da dalar Amurka ɗaya. In ka dace a biya ka dala cur, in ka kuskure ka tashi a tutar babu.

Ba da rana tsaka abin ya faɗo ba. Counter-Strike ya fito a 1999, Jami'ar Iowa kuma ta buɗe kasuwar hasashen zaɓe tun 1988. A 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana jihohi halatta cacar wasanni, sannan korona ta tsayar da ƙwallon ƙafa a 2020, ƴan caca suka koma kan wasannin kwamfuta. Wannan kowa na faɗa.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne Agustan 2013, lokacin da aka shigo da fentin bindigogi cikin wasan Counter-Strike. Ado ne kawai, ba ya ƙara wa bindiga ƙarfi ko saiti. Amma ana iya musayarsa, ana iya sayar da shi, don haka ya yi daraja. Ba a jima ba wasu shafukan intanet suka fara karɓarsa a matsayin abin zubi. Yaron da ba shi da asusun banki, wanda ba mai barinsa ya leƙa gidan caca, sai ga shi yana zuba bindiga mai fenti a kan ƙungiyar da yake so, in uwarsa ta tambaya ya ce wasa yake. Kuma har ransa ya yarda da hakan. A ganina nan ne aka raba caca da sunanta, kuma ƙannen waɗancan yara ne yau ke kiranta kasuwa. Shekara guda kacal bayan shigo da fentin, a Agustan 2014, wata ƙungiya a Amurka ta ba da wasa da gangan don wannan ado, aka kori huɗu daga cikin ƴan wasanta a farkon 2015.

Yanka wasa gunduwa-gunduwa, wato zuba kuɗi a kan taswira ɗai-ɗai, ya ƙara buɗe wannan ƙofa, kuma shi ya fi damuna. Ƙungiya na iya sakin taswirar farko da gangan, ta ci biyun da suka rage, ta wuce zagaye na gaba ba tare da ta rasa komai ba. Mai kallo daga Damagaram, da intanet mai yankewa, ba shi da hanyar gane hakan. A daren nan ɗan ƙanwata jaka biyu ya zuba a kan taswirar farko, tsakanin wasu ƙungiyoyi biyu da ko sunan ƴan wasansu bai iya kawo mini ba.